Kafin Ta Kai Sifili

"Bam! Bam ne! Ku gudu!"

Iklima na tsakiyar layin 'yan albasa ihun ya same ta. Kafin ta juya kasuwar Illela ta hargitse, mata na zubar da kwanuka, wani dattijo ya haye buhu ya faɗo, masu amalanke sun watsar da kaya sun ranta a na kare.

"Wani Bahillace anka kama da shi!" wata mata ta faɗa tana wucewa da ɗanta a kafaɗa.

Iklima ta tsaya cak.

Bafulatani ɗaya take jira yau, kuma ta san abin da ke cikin jakarsa.

"Jabiru..."

Kowa na gudu baya, ita ta kutsa gaba.

Ajinsu ɗaya a jami'a can Sakkwato, kuma kwas ɗin Lojik ne ya haɗa su, wanda ake koyon yadda na'ura ke yanke hukunci da ɗaya da sifili kawai. Malamin kwas ɗin, Dakta Abdulmalik, ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Ɗalibai Ba-sani-ba-sabo suke ce masa a bayan ido. In ya kira sunanka ka tashi ka bayyana aikin kowace waya a kan allo, ko sanyi ake sai ka jiƙe da zufa. Iklima kam ranar da ya fara kiranta ko sunanta sai da ya ɓace mata.

Shi ya haɗa ta aiki da Jabiru, ya ce kowa ya ƙera abin da zai amfani garinsu. Suka ƙera 'yar na'ura mai ƙirga lokaci, wadda za ta kashe injin ban-ruwa da kanta in lokacin ya cika. Daga riƙe mini wannan waya, miƙo mini waccan, sai ga zuciya ta shiga aikin da ba a sa ta ba.

Mahaifinta Alhaji Hamidu, dillalin albasa da ake ji da shi har Ƙonni, da ya ji labari cewa ya yi ba zai ba ɗan ruga 'yarsa ba a wannan zamani da ba a san na gari ba. Ya hana ta ko gaisawa da shi. Yau ɗin ma a ɓoye suka shirya Jabiru zai kawo mata na'urar daga Gidan Katta, ta gwada a gonarsu ta Amarawa kafin hutu ya ƙare.

Da ta ɓullo filin lodin motoci sai ta hango Jabiru.

An ɗaure shi a jikin turken rumfa, hannuwa ta baya. Jini na bin gefen fuskarsa har cikin wuyan rigarsa. Gabansa a ƙasa ga ɗan farin allon na'urar tasu, wayoyi ja da shuɗi sun yi cirko-cirko, batir na reto a gefe. Wurin fizgar jakar an danne maɓallin, ga jajayen lambobi nan suna sauka ɗaya bayan ɗaya.

Jama'a sun ja can nesa sun yi da'ira, sai jifa suke aiko masa.

"In za shi tashi, shi tashi da mai shi!"

"A kawo taya!"

Ba za ka ga laifin tsoronsu duka ba, mutanen nan sun binne 'yan uwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Amma wallahi taro in ya tsorata, tausayi ne yake fara yarwa.

Ta ruga wurin Marwa, shugaban 'yan sa-kai na kasuwa, wanda ya laɓe bayan buhuna ya saita bindigar toka.

"Baba Marwa, don Allah! Ba bam ba ne! Aikin makaranta ne, tare munka yi shi!"

"Ke ɗiyar Alhaji, mi kika nema nan? Kauce!"

"Ku bari in cire batirin ku gani..."

"Ki cire mi? Mu tashi gaba ɗaya? Wallahi abin ga ya yi ko ƙyas, shi zan hwara aikawa lahira!"

Ta dubi jajayen lambobin.

In lambobin suka kai sifili na'urar kuka take yi. Ita da hannunta ta maƙala mata 'yar ƙararrawar, tana dariya, wai don manomi ya ji daga nesa.

Wani ya riƙo mayafinta. Shamsu ne, ɗan ƙanin mahaifinta, wanda ya daɗe yana zarya a kanta tana kaucewa.

"Iklima, mu tahi gida. Ba ki san ko su wa shika yi ma aiki ba."

Ta zuba masa ido, sai yanzu ta gane muryar da ta fara ihun.

"Kai ne... Kai ka yi ihun! Shamsu, ai ka san abin ga! A zaurenmu ka iske ni ina gyara shi, har ka tambaye ni!"

"Ni ban san komi ba," ya faɗa yana kallon ƙasa.

Aka ce ɗan uwa rabin jiki. To, wani rabin dai gara babu shi.

Ta ciro wayar hannunta. Lambar Dakta tana ciki tun farkon zango, ko a mafarki ba ta taɓa tunanin dannawa ba. Ta danna.

"Wa ke magana? Na ce ba a kirana sai ta hannun shugaban aji."

"Dakta... Iklima Hamidu ce... za su kashe Jabiru! Sun ce aikinmu bam ne!"

Muryar da ta dawo ba ta taɓa jin ta a aji ba.

"Innalillahi! Kina ina? Buɗe murya kowa ya ji, ki miƙa wa babbansu."

Dakta ya faɗi sunansa da aikinsa, ya rantse shi ya ba su allon daga ɗakin gwaji, ya roƙi Marwa da girman Allah. Mutumin da ɗalibai ɗari ke rawar jiki a gabansa, yau shi ke cewa don Allah don Annabi.

Marwa ya ture wayar.

"Kowa na iya zama Dakta cikin waya. Wa ya sani ko ubangidansu na?"

Ta mayar da ita kunne tana kuka.

"Sun ƙi, Dakta..."

"Ga ni nan na ɗauki mota, zan kira hukuma a hanya. Lamba nawa ta nuna?"

Ta leƙa. "Saura minti uku."

Shi da ita duk sun san ko tashi sama zai yi ba zai iso ba.

"Saurare ni, 'yata. Ke kika ƙera ta. Me za ta yi in ta kai sifili?"

"Kuka za ta yi... sau uku... sai koriyar fitila ta kama."

"To abin da mutum bai zata ba shi ke firgita shi. Ki faɗa musu tun kafin ta yi. Ki ɗaga murya yadda nake sa ki a aji. Amma daga inda kike, kin ji ko? Kada ki matsa kusa da bakin bindiga!"

A karon farko a rayuwarta ta saɓa wa Dakta Abdulmalik. Daga nan wa zai saurare ta? Ta fizge mayafinta daga hannun Shamsu, ta faɗa cikin filin da kowa ya guje wa.

Wani dutse ya wuce ta gefen kunnenta. Sai jifan ya tsaya cak.

"Kai! Ɗiyar Alhaji Hamidu ta! Ku dakata!"

Jabiru ya ɗago da ƙyar, ido ɗaya ya kumbura ya rufe.

"Iklima, koma... Don Allah, hasken idona, koma!"

"Ba inda za ni."

"Za su harbe ki!"

"To su haɗa mu."

Ta sunkuya ta ɗauki allon a hankali. Jama'a suka saki salati, wasu suka kwanta rub da ciki. Ta rungume shi a ƙirjinta, lambobin na kallon mutane, ta tsaya a gaban Jabiru har bayanta na taɓa kafaɗarsa.

"IKLIMA!"

Muryar mahaifinta ce. Ya keto taron ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, mutum biyu na riƙe da shi.

"Aje abin ga! Ɗiyata, aje shi ki zo!"

"Baba, ka yahe mani, na saɓa maka. Amma ka taɓa jin na yi maka ƙarya?"

Ya daina fizge-fizge a hannun masu riƙe da shi.

Ta haɗiye kukan, ta ɗaga murya, tsoro kamar zai tsaga mata ƙirji.

"Jama'a ku ji! Wanga abu na injin ban-ruwa ne! In lambar ga ta ƙare za shi yi kuka sau ukku kamar ɗan tsako, sannan koriyar wuta ta kama! Ba abin da za shi biyo baya! In ƙarya nika yi, ai ni ka riƙe da shi!"

Kasuwa ta yi tsit, har kukan akuya ana ji daga kasuwar kara.

Marwa bai sauke bindigar ba. Zufa na ɗiga daga haɓarsa, yatsansa na kan kunama.

"Jabiru," ta raɗa ba ta juyo ba, "ina jin tsoro..."

"Ni ma, masoyiyata. Yi kalmar shahada, ina yi tare da ke."

Uku.

Biyu.

Ta runtse ido.

Tsiii! Tsiii!...

Daram!

Ƙarar bindigar ta cika mata kunne. Warin albarushi ya buso. Ta zube ƙasa, ba ta yarda ta buɗe ido ba, don ba ta son ganin abin da ke bayanta.

"Jabiru? Jabiru!"

"Ina nan... ina nan, Iklima. Buɗe idonki."

Ta buɗe. Koriyar fitila na ci a ƙirjinta. Can kuma mahaifinta ne riƙe da bakin bindigar Marwa da hannu biyu, ya ɗaga ta sama, hayaƙi na fita, kwanon rumfa ya huje.

Ba wanda ya yi dariya. Masu duwatsu suka riƙa sakinsu a ɓoye, kowa na kallon wani wuri daban. Masu neman taya kuwa ko ƙurarsu ba a gani ba. Marwa ya zauna a kan buhu ya dafe kai yana istigfari.

Wani ya raɗa wa Alhaji Hamidu abin da Iklima ta ce da Shamsu ɗazu, sai ya juya ya nemo shi da ido.

"Kai ka ga abin ga a zaurena?"

"Baba, ni dai..."

"Ka gani ko ba ka gani ba?"

Shamsu ya sunkuyar da kai.

"Don mace kas so a ƙone ɗan mutane da rai? Kada in sake ganin ƙahwarka gidana. Sauran magana gaban ubanka da hukuma."

Ya tako har gindin turken, tafin hannunsa ya yi ja saboda zafin ƙarfe. Da haƙori ya kwance igiyar da ta ƙi kwantuwa. Ya kama gefen babbar rigarsa ya danne wa Jabiru goshi.

"Ɗan wa kake?"

"Ɗan Jaɓɓo, na rugar Gidan Katta."

"Jaɓɓo... Na yi maka zaton banza, yaro, ban ko san ka ba. Abin da kasuwa ta yi maka da dutse, ni na riga ta yi da baki. Ka yahe mani."

"Ba komi, Baba."

A ƙasa wayar Iklima na ta magana ita kaɗai. Dakta ne, bai kashe ba.

"Iklima! Na ji harbi! Ku yi mini magana, yarana!"

Alhaji ya ɗauka. "Malam, suna raye. Ka tuƙa a hankali, ka sauka gidana."

Sai suka ji abin da duk ajinsu ba wanda zai yarda in an ba shi labari. Dakta Abdulmalik na kuka.

Alhaji ya tsuguna zai karɓi allon daga hannun 'yarsa, amma yatsunta sun ƙage a kai, ta kasa sakewa. Ya ja, ya lallasa, a banza. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya matsa gefe.

"Jabiru, zo ka gwada. In ka koma ka ce ma Jaɓɓo ina jiran shi da manyanku ranar Juma'a."

Jabiru ya durƙusa a gabanta, shatar igiya kwance a wuyan hannunsa. Ya riƙa buɗe yatsun nata a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Ya wuce, rabin raina. Saki."

Ta dubi jinin fuskarsa, ta dubi mahaifinta da ya kau da kai yana share ido.

Sai a lokacin ta saki, ta fashe da kukan da ta riƙe tun daga layin 'yan albasa.