Ikhlas Ta Kalli Rabin Fim

Ikhlas yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ta san da haka. Kafin malamin lissafi ya gama rubuta tambaya a allo, hannunta yana sama. Maganar da ta fi yawa a bakinta ita ce, "Na gane." Sau da yawa kuwa ta gane ɗin. Matsalarta ɗaya ce, ba ta jira a kai ƙarshe.

Suna zaune a wani rukunin gidaje a unguwar Al Gharrafa, cikin birnin Doha. Abbanta injiniya ne a kamfanin gas. Ummanta tana koyarwa a jami'a. Tana da ƙane guda, Ɗalhatu, amma kowa Auta yake ce masa.

Da korona ta zo, aka rufe makarantu. Ba fita, ba ziyara. Auta ya ishi kowa da tsalle-tsalle a kan kujeru.

Wata rana bayan la'asar Abba ya ce, "Ku zo ku zauna, kafin yaron nan ya karya mana kujera. Zan sa muku fim."

Fim ɗin na wasan besbol ne. Abba ya yi musu bayani. Ana jefo ƙwallo, mutum ya doke ta da sanda, ya ruga ya zagaye fili. In aka cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, wanda ya buga ya fita.

A cikin fim ɗin akwai wani shugaban ƙungiya da kullum ake cinye yaransa. Sai ya zauna gaban kwamfuta yana duba lissafin kowane ɗan wasa. Ya soke sunayen wasu, ya bar wasu. Nan da nan ƙungiyar ta fara cin wasa.

Ikhlas ta miƙe tsaye. "Na gane. Lissafi ne yake cin wasa."

Abba ya ce, "Zauna mana. Ko rabi ba a yi ba."

"Abba, ai na riga na san ƙarshen."

Ta shige ɗaki abinta. Auta kuwa bai motsa ba, baki buɗe, har aka gama.

Washegari suka fita ɗan filin bayan gida da sandar mofa ta goge ɗaki da ƙwallon tanis. Ikhlas ta karɓe sandar.

"Ni ce babba, ni zan buga. Kai ka jefo, ka cafo."

Auta bai damu ba. Ya jefo, ta buga, ya bi ƙwallon da gudu. Haka suka yi ta yi kullum, har korona ta lafa. Da Abba ya ga yadda yaron yake son wasan, ya sayo masa safar hannu ta fata, irin wadda 'yan besbol suke cafe ƙwallo da ita. Auta har barci yake yi da ita a ƙarƙashin filo.

Kwanci tashi, gasar cin kofin duniya ta iso Doha. Aka sake rufe makarantu, amma wannan karon hutun daɗi ne. Tutoci ko'ina, baƙi sun cika gari, kowa maganar ƙwallon ƙafa yake yi.

Yaran rukuninsu kuwa besbol ya shiga ransu, kuma aikin Auta ne. Shi yake bi ƙofa-ƙofa da yamma yana ƙwanƙwasawa, yana cewa, "Yalla, ku fito." Akwai Fatawu, wanda iyayensa mutanen Kumasi ne, da Wasilatu maƙwabciyarsu, da wasu yara 'yan Sudan da 'yan Indiya.

Sai ga saƙo daga yaran rukunin da ke bayan masallaci. Suna so a kara a wasan besbol ranar Asabar.

Fatawu ya ce, "Muna buƙatar koci."

Ikhlas ta ce, "Ga ni. Na san yadda ake cin wasan nan. A fim na gani."

Ba wanda ya yi musu, don kowa ya san ta a lissafi.

Ranar Litinin ta zo fili da kwamfutar hannunta ta makaranta. Ta ce, "Duk wanda ya bugi ƙwallo, zan sa masa kore. Duk wanda ya kuskure, ja. Wanda jansa ya fi yawa ba ya cikin wasan Asabar."

Aka fara. Kowa ya kai bugu, sai a ji yatsanta ya taɓa gilashi. Da aka tashi, ta tara su ta karanta sakamako da ƙarfi, kamar mai labarai a rediyo. Sunan Auta ne a can ƙasa, ja kusan duka.

"Auta, ka fita."

Auta ya ɗaga kai ya dube ta. "Yaya, ni ne fa."

"Lissafi bai san ƙane ba. Khalas, shi ke nan."

Wasu yara suka sunkuyar da kai. Auta bai yi kuka ba. Ya cire safar hannunsa, ya rungume ta, ya nufi gida a hankali. Ikhlas ta ji wani abu ya ɗan soki zuciyarta, amma ta ce wa kanta haka koci na gaske yake yi.

Ranar Talata wani abin mamaki ya faru. Aka jefo wa Fatawu ƙwallo, ya tsaya ƙiƙam yana kallonta ta wuce. Aka sake jefowa, bai motsa ba.

Ikhlas ta ce, "Fatawu, me kake jira? Buga mana."

"In ban kai bugu ba, ai ba za ki sa mini ja ba."

Wasilatu ma ta yi haka. Sauran duk suka bi sahu. Fili ya yi tsit, ba dariya, ba gudu.

Ranar Laraba mutum uku kaɗai suka fito. Ba wanda ya ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa. Ikhlas ta duba kwamfutarta sama da ƙasa, ba ta ga inda aka rubuta dalili ba.

Ranar Alhamis ta shigo falo ta tarar da Umma tana shirya kaya a kwali. Kawu Abass, ƙanen Umma, zai tafi Kano gobe Juma'a, shi zai kai tsarabar. Akwai dabino, da turare, da kayan da suka yi wa yara kaɗan. A can sama kuma ga safar hannun Auta.

Ikhlas ta nuna safar. "Umma, wa ya sa wannan a nan?"

"Mai ita. Ya ce a kai wa yaran Gwaggo Barira. Ya ce shi ya bar besbol."

"Ya bari? Auta?"

"Haka ya ce. Gobe da hantsi za a naɗe kwalin, Kawunku ya wuce filin jirgi."

Ikhlas ta ce, "Amma Umma, ba laifina ba ne. Bai iya bugu ba. Lissafi ne ya nuna."

Umma ta ajiye turaren da ke hannunta. "Zo nan, Ikhlas. Duk lokacin korona a bakin tagar nan nake koyar da ɗalibaina, ina kallonku. Wa yake riƙe sanda?"

"Ni."

"Kullum?"

Ikhlas ta ce a hankali, "Kullum."

"To a ina zai koyi bugu? Kin hana shi sanda, yanzu kuma kin kore shi don bai iya sanda ba."

Kunya ta rufe Ikhlas. Ta rasa inda za ta sa idonta.

Umma ta ci gaba. "Shi kuma me yake yi lokacin da kike bugawa?"

"Yana cafewa."

"Sau nawa kika ga ƙwallo ta kuɓuce masa?"

Ikhlas ta yi tunani. Ta tuna shi yana tsalle, yana faɗuwa a ƙasa, yana tashi da ƙwallo a hannu yana dariya. Da ƙyar ta tuna ranar da ya kuskure.

"A kwamfutar taki akwai wurin cafewa?"

"Babu, Umma."

Abba yana bakin ƙofa, dawowarsa ke nan daga aiki, ya ji komai. Ya ce, "Koci, yanzu kina da lokacin ganin sauran rabin fim ɗin?"

Ta gyaɗa kai. Wannan karon ta zauna daram har aka gama.

Ashe bayan inda ta tashi, ƙungiyar ta koma shan kashi. 'Yan wasan sun tsorata da lissafi, kowa yana gudun kuskure. Sai shugaban ya bar ofishinsa ya sauko fili. Ya riƙa tambayar kowane ɗan wasa abin da ya fi iyawa, yana ƙirga wannan ma. Ya sa kowa inda ya dace da shi. Suka dawo suna wasa suna dariya, nasara kuma ta biyo baya.

Abba ya kashe talabijin. "Ni ma da lissafi nake aiki, Ikhlas. Lissafi ba ya ƙarya. Amma abin da kika tambaye shi kaɗai zai gaya miki."

Ta tashi ta nufi ɗakin Auta. Yana kwance, ya juya fuska bango.

"Auta, ka yi haƙuri. Na yi maka ba daidai ba."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ai lissafi bai san ƙane ba."

Maganar ta yi mata zafi, don tata ce aka mayar mata. Ta zauna a bakin gadon.

"Lissafina ne bai cika ba. Bugu kaɗai na ƙirga, ban ƙirga cafewa ba. Ba wanda ya kai ka cafewa a duk rukunin nan. Kuma ni na hana ka koyon bugu."

Auta ya ɗan juyo, ido ɗaya a waje. "To gobe ni zan riƙe sanda."

"Na yarda."

"Ke ki jefo, ki cafo. Har sai na gaji."

"Na yarda."

"Safar hannun kuma tana nan a kwali. Sai na gani tukuna."

Da safe suka fita. Ikhlas ta jefo, Auta ya kai bugu ya kuskure. Ya dube ta da sauri, ya ga ba kwamfuta a hannunta.

Ta ce, "Sake. Ka bi ƙwallon da ido har ta iso."

Ya sake kuskurewa, ya kuma sakewa. Can sai ji kake tas! Ƙwallo ta tashi ta shige ƙarƙashin motar maƙwabta. Ikhlas ta kwanta rubda ciki ta zaro ta, hijabinta duk ƙura. Ya sake bugawa, ta sake rugawa. Kafin hantsi tana haki kamar wadda aka koro.

Ta ce, "Haka ka yi ta yi duk lokacin korona?"

Auta ya ƙyalƙyale da dariya. "Kullum."

Sai suka ji hon a ƙofar gida. Kawu Abass ne. Ta taga suka hango Umma ta jawo salatif za ta naɗe kwali. Ikhlas ta dubi ƙanenta.

Auta ya yar da sanda ya zuba da gudu. "Umma, tsaya! Akwai kayana a ciki."

Ya fito da safar a hannunsa, yana buga ta da ɗaya hannun. Ikhlas ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba ko a ranar da ta zo ta ɗaya a aji.

Da yamma su biyu suka bi ƙofa-ƙofa. Ikhlas ta ba kowa haƙuri. Ta tambayi kowa abin da ya fi iyawa. Wasilatu ta ce gudu. Fatawu ya ce jifa. Ta buɗe wa kowanne wuri a kwamfutarta, ta goge jan gaba ɗaya.

Ranar Asabar iyaye suka fito da kujeru da shayi. Wasa ya yi zafi. Ikhlas ta lura cewa babban ɗan wasan bayan masallaci kullum hagu yake aika ƙwallo. Ta kira Auta ta raɗa masa, "Koma hagu, can kusa da katanga. Na ƙirga, can yake bugawa."

Bugun ƙarshe ya rage, su Ikhlas suna gaba da ci ɗaya. Babban ɗan wasan nan ya doki ƙwallo da duk ƙarfinsa. Ta yi sama, ta nufi hagu. Auta ya ja da baya, ya ja da baya, ya yi tsalle. Ya faɗo ƙasa, ya ɗaga hannu, ƙwallo tana cikin safa.

Fili ya kaure da tafi. Fatawu ya ɗauki Auta a kafaɗa yana zagayawa da shi.

Abba ya matso ya ce, "Koci, lissafi ne ya ci wasan nan ko Auta?"

Ikhlas ta buɗe baki za ta amsa da sauri, sai ta tsaya ta yi tunani tukuna.

"Lissafi ya nuna mini inda ƙwallo za ta faɗi, Abba. Amma da ban ba Auta haƙuri ba, da ba wanda zai cafe ta."

Daga ranar nan Ikhlas ta koyi darasi. Ba a yanke wa mutum hukunci da abu ɗaya da bai iya ba, sai an duba abin da ya iya. Kuma ba ta ƙara cewa "Na gane" sai ta saurara har ƙarshe.