Jirgin Kawu Bai Jira Gali Ba

Tau! Tau! Harbi a kan hanyar Katagum, ana shirin la'asar. Ni Kawu mai fito ina zaune cikin jirgina, bakin bindiga a ƙeyata. Ko gezau. Ban yi boko ba, amma kogin nan ya ci masu takarda, ni ya bar ni.

'Yan fashin su huɗu ne. Ogansu Gali ya ja biyu, suka tare motar 'yan kasuwa da ta taso daga Azare. Na huɗun, Naziru, aka bar shi ya tsare ni, don damina ce, ba mafita sai ta ruwa. Kafin su hau tudu Gali ya tuna musu rantsuwarsu: ba a gudu a bar wani, wanda aka kama kuma iyalinsa na wuyan saura. Wai ɓarawo da rantsuwa!

Na san Naziru. Yayansa Bappayo nasu ne, bara aka ɗaure shi, ya ƙi faɗin sunan kowa. Tun daga nan Naziru bai leƙa gida ba. Na tambaye shi ko ana kai wa Meram, matar Bappayo, hatsi. Ya ce duk wata, oga da kansa ke kaiwa.

Na ce, "Af. To wace ce nake ƙetarwa kullum da itace a ka, ɗanta ko riga babu?"

"Baba, iya bakinka."

"Bakin nan ne ya kai ni tsufa, ɗana. Yau in kai aka kama, uwarka ma itacen za ta ɗauka."

Can kan tudu mata na ihu. Gali ya kai wa direba gindin bindiga a fuska. Wani fasinja ya faɗa gonar gero ya buga waya. Ba a jima ba — jiniyar 'yan sanda!

Naziru ya sauke bindiga ya ce in tura. Na kafa gora na tura.

Muna tsakiyar ruwa suka gangaro a guje, Gali na gaba.

"Naziru! Kai! Dawo da jirgi — rantsuwa fa!"

"Tana wurin Meram, oga! Je ka karɓa!"

Gali ya saki harsashi, ya huda mini gefen jirgi. Sai ya faɗa ruwa da jakar sata a wuya. Jarumin tudu, ashe ko iyo bai iya ba. A ƙasa can masunta suka tsamo gawarsa. Sauran biyun suka ɗaga hannu, tun ba a tambaye su ba suke rige-rigen faɗin sunan Naziru. A garin Gololo aka kama shi.

Direba ya rasa ido. Meram har yau itace take ɗauka, kyauta nake ƙetar da ita. Ramin harsashin kuwa na ƙi liƙewa. Mai son gani ya zo bakin ruwa, amma ya riƙo kuɗin fito.