Farantan da Aka Dafa

Da safiyar Litinin Dokta, shugaban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi, ya tarar da tagar baya a fashe, farantan gwaji na wata gonar shanu kuma sun yi ɓatan dabo. Ya kira 'yan sanda yana haki. Sufeto aka turo, don shi ba a rasa shi a ofis. Tun rasuwar matarsa yake riga masu shara fitowa, mutane na ta yaba ƙwazonsa, alhali gidan ne ya yi masa faɗi, ba mai ce masa ko sannu.

Ɗakin gwajin dogo ne, fari fat, da warin maganin goge tebur. Mutum biyu ne kawai ke aiki a ciki: Dokta da wata dattijuwa da kowa ke ce wa Malama. Tana zaune a can ƙurya da farar riga, hannuwanta a kan cinya.

"Dokta, yi min bayani kamar ɗan firamare," in ji Sufeto. "Me aka ɗauka, wa kuma abin zai amfana?"

Dokta ya ce yara da dama ne suka kamu da gudawa da zazzaɓi, dukkansu masu shan madarar gona ɗaya. Wata yarinya na kwance a asibiti, an yi ta canja mata allura a banza. Sai aka ɗebi samfuri daga jikinta, aka ɗebi na shanun, aka shuka a farantai, aka jera a na'urar ɗumi don ƙwayoyin cutar su tsiro.

"Sai mu ɗora 'yan takardu masu magani a kai," ya ci gaba. "In maganin na aiki, za ka ga fili kewaye da takardar, ƙwayar ta kasa matsowa. In ba ya aiki, har kan takardar take hawa. Idan ta shanun da ta yarinyar suka zama iri ɗaya, an rufe gonar nan ke nan."

"Farantan yarinyar fa?"

"Suna nan, Alhamdulillahi. A rufe na sami ƙofar na'urar, ɗuminta bai sauka ba."

Sufeto ya ɗaga faranti ɗaya ya juya shi. Ba sunan gona, ba sunan mutum, lamba ce kawai da baƙin alƙalami.

Ya fara da maigadi, tsoho mai jajayen idanu.

"Yallaɓai, wallahi ko ƙuda bai gifta ni ba."

"To ƙudan ne ya fasa taga?"

Tsohon ya sosa ƙeya. Ya amsa cewa ranar Lahadi da rana ya kulle get ya je duba 'yarsa da ta haihu. Sufeto ya miƙa masa faranti, ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. Wannan ko na'urar ɗumin bai san yadda ake buɗewa ba. Aka sallame shi.

Gonar tana bayan gari. Mai gonar matashi ne mai ƙiba da ɗaga murya. A bayan rumfar shanu Sufeto ya ga tulin kwalaben allura, wasu sun yi tsatsa a murfi.

"Wa ke rubuta maka waɗannan?"

"Rubutu kuma? Saniya ta yi tari, in tsaya jiran likita? Ni nake yi musu da hannuna."

"Ina kake ranar Lahadi?"

"Kasuwar shanu, tun safe har yamma. Ka tambayi dillalai. Kuma ni ba laifina ba ne in ƙwayar shanuna ta ƙi jin magani."

"Wa ya ce maka ta ƙi ji? Dokta bai fitar da sakamakon shanunka ba."

Mai gonar ya dubi ƙasa. "Haka dai ake faɗa."

Dillalai sun tabbatar yana kasuwa. Sufeto ya koma ɗakin gwajin da rana tsaka. Bai kula tagar ba, ya bi bayan gini yana leƙa kwata da juji ko zai ga inda aka watsar da farantan. Babu. Ya dawo ciki ya buɗe jan kwandon shara na ƙarƙashin tebur. Jaka ɗaya ce a ciki, an ɗaure bakinta tsaf, an manna mata farin tef mai baƙaƙen layuka. Abin da ke ciki ya narke ya dunƙule.

"Mene ne wannan?"

Dokta ya matso. "Sharar da aka dafa a tukunyar tururi, don kashe ƙwayoyi. Layukan nan sai zafi ya kai suke yin baƙi." Ya sake duba jakar. "Amma ai ranar Juma'a aka kwashe kwandon nan."

"Kai kake kunna tukunyar?"

"Ni? Rabona da taɓa ta tun ina da gashi a kai."

Sufeto ya roƙe shi ya ba su wuri. Ya jawo kujera kusa da Malama, ya zauna, ya ajiye hularsa a gwiwa.

"Malama, ɓarawo in ya shigo ta taga sauri yake yi. Ba ya iya tsamo farantan gona a cikin lambobi. Ba ya mayar da ƙofa don kada na marar lafiya su huce. In ya fita kuma, kwata ta farko zai watsa su ya gudu. Wannan ya tsaya ya ɗaure jaka, ya manna tef, ya jira tukunya ta gama. Sai wanda ya san abin da ke cikin farantin, yake tsoron ya shiga ruwan mutane. Tagar an fasa ta ne don a ba mu aikin yi."

Ba ta yi musu ba. 

"Ranar Asabar na leƙa su," ta ce. "Ƙwayar ta hau kan takardun kusan duka. Yaya za a yi in zubar da wannan a kwata? Yara na wasa a bayan nan."

"Mai gonar mene ne naki?"

"Ƙanena ne, uwa ɗaya. Ni na goya shi. Ban haihu ba, Sufeto, mijina ma ya daɗe da rasuwa. Duk duniyar nan shi kaɗai ke ƙwanƙwasa min ƙofa. Na kira shi na gaya masa, ya yi ta kuka, ya ce Yaya in aka rufe gonar nan na shiga uku."

"Kin san Dokta zai sake ɗibar samfuri."

"Na sani. So nake dai ya ga na yi wani abu."

Tausayinta ya kama Sufeto sosai, bai kuma ɓoye ba. Kafin su fita ta nemi alfarma ɗaya. Ta sa safar hannu, ta ciro farantin yarinyar, ta auna da 'yar rula. Takarda ɗaya tak ce ke da fili kewaye da ita. Ta kira Dokta ta nuna masa, ta ce a gaya wa asibiti yanzu, kada a jira gobe.

A caji ofis Sufeto ya ce ta kira wanda zai tsaya mata beli. Ta kira ƙanen. Muryarsa har tebur ana ji.

"Ni na aike ki? Yaya, kada ki sa ni a ciki, ina da iyali!"

Ya kashe. Ta ci gaba da riƙe wayar a kunne kamar har yanzu yana magana.

"Akwai wani kuma?" Sufeto ya tambaya a hankali.

Ta bi sunayen da ke cikin wayar daga sama har ƙasa, ta sake dawowa sama. Sannan ta kife ta a kan tebur.

"Rubuta abin da za ka rubuta, Sufeto," ta ce. "Babu kowa."