Injin Shuɗiyar Bas

Har yau in Auta na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa ta ji wata tsohuwar bas ta wuce tana tari, sai hannunta ya tsaya. A irin wannan motar mijinta, Direba, ya fara ganinta. Shuɗiya ce, kujerar gabanta na lilo, kuma kullum ita yake ajiye wa kujerar, fasinja ya yi ta masifarsa. Bayan aurensu ya ci bashin banki ya sa wa motar sabon inji, ya ba da ita jingina. Auta ba ta taɓa jin daɗin duniya kamar na shekarun nan ba.

Wata damina ambaliya ta ja motar daga inda ya faka ta, ta maka ta da ƙafar gada. Inshora kuwa ta ƙare bai sabunta ba. Inji kaɗai makanike ya iya cetowa. Mai taya da ke binsa bashi ya taso, mai gidan mai ya taso, banki ma ya aiko, har Direba ya kai kansa kotu ya ce ya karye.

A makon ne yayan Auta ya zo gidan, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna ribarta.

"Kai ka fiye tsoro," in ji shi. "Banki mota suka sani, mota kuma ruwa ya ci. Wa ya san inji ya tsira? Ina da mai saye, kuɗi hannu."

"Yaya, injin nan cikin jingina yake."

"To ƙanwata ba za ta zauna da wanda ya ga mafita ya kau da kai ba. Auta, Umma ta ce ki haɗo kayanki."

Da ya fita Auta ta fashe da kuka. "In ka ba banki injin, me za mu ci?"

"Wallahi ban sani ba. Amma ba zan iya kallon alƙali in ce babu ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Ya rame, kunya ta hana shi ɗaga kai, kuma son sa ya kama ta fiye da da. Washegari ta tafi wajen mahaifiyarta ba ko jaka, ta durƙusa.

"Umma, ki yafe min. Na ci da shi lokacin da yake da shi, ba zan gudu yau ba."

Umma ta juya mata baya. Wata da watanni ko wayarta ba ta ɗauka, abin da ya fi yunwa yi wa Auta ciwo ke nan.

Ranar da aka gama shari'a lauya ya tsayar da su a barandar kotu.

"Banki ya ɗauki kuɗin injin, haƙƙinsa ne. Ragowar bashinsa kuwa ba jingina a bayansa, sai ya bi layi da mai taya da sauran. An raba musu abin da ya samu, kotu ta sauke maka saura. Da ka sayar a ɓoye aka gano, ba sauƙi ba yafiya, bashin zai bi ka har furfura, ƙila da gidan yari."

Direba ya koma tuƙa motar wasu, labarin yadda shari'ar ta ƙare kuwa ya kai kunnen Umma. Ran nan da hantsi sai ga Umma ta yi sallama, ta zauna a bakin gado tana ta gyara mayafi, ta rasa ta inda za ta fara.

"Umma, ko kayan nawa kika zo ɗauka?" Auta ta tsokane ta, hawaye na zuba.

"Bar su inda suke," in ji Umma. "Ni ce ban san surukin da Allah ya ba ni ba."

'Yan mata, ku riƙe wannan. Dukiyar miji ruwa na iya tafiya da ita rana ɗaya. Ku dubi abin da yake yi da amana sa'ad da ba mai ganinsa, don da wannan za ku zauna.