Zaren da Ba a Ɗaure Ba

Jan zaren ya maƙale a maɓallin hannun rigar Malamin Turanci. Yana ɗaga hannu, sai ga haruffan da aka ɗinka a rigar filon suna warwarewa ɗaya bayan ɗaya, kamar macijin da ya tashi daga barci.

'Yar Allura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige!

Aikinta ne. Makon jiya ya zo shagonta da fararen rigunan filo biyu, ya ce ta ɗinka masa kalmar Bliss a kansu.

"Me take nufi, Malam?"

"Farin cikin da idan ya sauka, zuciya ba ta ƙara neman komai. Ba a ɓata ta a kan ƙaramin abu. Ni sau ɗaya nake son in yi amfani da ita a duniya."

Yana fita, Mai Kitso ta shagon kusa ta leƙo.

"Ayya ƙawata! Ba ki ji ba? Ni zai kawo wa. Tunda Mamanki ta ce ba za ta ba mai shaƙar alli 'yarta ba, ai dole ya duba gaba."

A ranar, cikin hawaye 'Yar Allura ta yi ɗinkin sarƙa mai kyan gaske, amma ta ƙi ɗaure bakin zaren. Duk mai wannan sana'a ya sani, sarƙar da ba a ɗaure ba ja ɗaya ya ishe ta.

Yau kuwa ga Malam durƙushe a falonsu, ya zo roƙon Mama, ya shimfiɗa rigunan a gabanta ya ce na ɗakin 'yarta ne in ta amince.

Mama ta dubi tulin zaren.

"Ke! Yaushe hannunki ya fara mantuwa? Ba ni na koya miki ɗaurin nan ba?"

"Ba mantuwa ba ce, Mama..." Ta cusa fuska a mayafi. "Da gangan na yi. An ce mini na wata ne..."



Malam ya ɗaga ƙyallen wajen taga. Zare ya tafi, amma sawun allura na nan, haske na ratsa ƙananan hujin, kalmar tana karantuwa sarai.

Mama ta dube su, su biyun.

"Yarinyar da ba ta taɓa ɓata aiki ba, yau ta ɓata saboda kai. Mai alli, ashe ni ce na makara."

Ta zaro allura daga ɗankwalinta, ta ajiye a cinyar 'yarta, ta fice.

'Yar Allura ta ɗauki allurar, zare ya ƙi shiga.

"Ka yafe mini, Malam..."

Ya riƙe mata bakin ƙyallen, ya sassauta murya.

"Abar ƙaunata, wannan karon dai ki ɗaure."

Ba ta iya ɗago kai ba.

"Sau biyu," ta ce.