Wa Ya Juya Jirgin Auta?

Sufeto bai gama karyawa ba aka bugo masa waya cewa jirgin sama ya faɗi a bayan gari, mutum ɗaya ya rasu. Ya ture kofin shayinsa, ya kira Sajan, suka shiga mota.

Da ya ji an ce jirgi, ya ɗauka zai tarar da ƙaton abu yana ci da wuta. Ina! Abin da ya gani a gefen titin tashi bai kai ƙaramar mota ba. Siraran bututun ƙarfe ne aka harhaɗa, aka lulluɓe fukafukan da yadi mai kauri, ga kujera ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowace da sandar tuƙinta, inji da farfela a bayansu. Ya kife ta hagu, fiffike ɗaya ya naɗe kamar tsohuwar lema.

Filin na wata ƙungiya ne ta masu sha'awar tuƙa irin waɗannan ƙananan jirage. Malaminsu wani dattijo ne da kowa ke kira Kyaftin. Shi ne a kujerar baya, an riga an wuce da shi asibiti da karaya. Wanda ya rasu ɗalibinsa ne, wani saurayi da ake ce wa Auta.

Sufeto ya zagaya jirgin, ya leƙa tanki ya ga mai a cike, ya sa aka ɗauki hotuna, sannan ya nufi asibiti.

Ya tarar da Kyaftin a kwance, an ɗaure masa ƙafa da hannun dama.

"Sannu, Kyaftin. Me ya faru?"

"Muna tashi, ba mu wuce tsayin bishiya biyu ba, sai inji ya mutu," in ji dattijon, idonsa a kan silin. "Doka ɗaya ce a wannan sana'a, Sufeto. In inji ya mutu maka wajen tashi, ka duƙar da hancin jirgi, ka sauka a duk abin da ke gabanka, ko gona ce ko daji. Kada ka kuskura ka juya don komawa fili. Jirgin da ba shi da gudu, kana juya shi zai zubo. Kullum sai na faɗa musu wannan."

"Wa ke tuƙi?"

"Auta. Ya firgita ya juya. Na yi ta yi masa ihu, bai ji ba."

Magana ce a tsare, daga bakin mai furfura, Sufeto kuwa ya haɗiye ta ɗungurungum. A bakin ƙofa ya ci karo da wani tsoho siriri da awon tela rataye a wuya, da alama daga kan keken ɗinki aka taso shi. Mahaifin Auta ne.

"Ranka ya daɗe, me ya sami yarona?"

Ai da Sufeto ya ce ana kan bincike, da shi ke nan. Amma mutumin naka akwai son a ce ya gama aiki da wuri. A gaban 'yan uwa da masu jinya ya buɗe baki ya ce, "Sai haƙuri, Baba. Ɗanka ne ya ƙi bin umarnin malaminsa. Ya ja wa kansa, ya kusa ja wa bawan Allah nan."

Tsohon bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai, ya cire takalmansa, ya shiga ɗakin ya durƙusa a gaban gadon Kyaftin yana cewa a yafe wa yaronsa, ƙuruciya ce. Kyaftin ya juya fuska bango. Sufeto ya ɗauka tausayi ne ya hana shi kallon tsohon.

Washegari Sajan ya shigo ofis riƙe da hotuna yana sosa ƙeya.

"Oga, kai ka ce kada kowa ya taɓa jirgin nan, ko?"

"Ni na ce."

"To an taɓa. Dubi ƙasan injin a hoton jiya, duk ƙasa ce. Yanzu na dawo daga can, wannan ɗan kofin an goge shi tas."

Suka koma filin suka sami makaniken ƙungiyar a rumfar ajiye jirage, yana ta goge sifana ɗaya da ta daɗe da gogewa.

"Kai ka taɓa injin?"

"Ni? Wallahi ko kusa da shi ban je ba."

"Bar rantsuwa. Mutum ya mutu, injin da kake gyarawa ne ya tsaya, kuma an kwance wani abu a jikinsa bayan na hana. In ba ka faɗa min a nan ba, za ka faɗa a bayan kanta."

Makanike ya zauna daɓas a kan wata tsohuwar taya.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Tsoro na ji kada ya zama laifina ne, shi ya sa na kwance kofin kafireto na duba."

"Me ka gani?"

"Babu komai."

"Kamar yaya babu komai?"

"A bushe yake ƙayau, ko ɗigon mai babu. Injin lafiyarsa ƙalau. Mai ne ya daina zuwa masa."

"Tanki a cike yake, da idona na gani."

Sai da Sajan ya daka wa makanike tsawa sannan ya tashi ya kai su wurin jirgin. Ya nuna wani ɗan jan makulli a jikin tiyon mai. Ya ce in aka rufe shi, inji zai ci gaba da aiki da ɗan man da ya rage a tiyo, daidai abin da zai ɗaga jirgi sama, daga nan ya mutu.

"Amma ga shi a buɗe," in ji Sajan.

"A buɗe na same shi."

Sufeto ya lallaɓa ya zauna a kujerar gaba, ya miƙa hannu baya iya ƙarfinsa. Bai kai ga makullin ba. Ya koma kujerar baya, sai ga shi dab da gwiwarsa. Ya ɗago ya dubi makaniken.

"Me ya hana ka zuwa ka faɗa min?"

"Kyaftin ne ya koya min aiki, ranka ya daɗe. Da wane baki zan faɗa?"

Sufeto ya fito daga cikin jirgin. Durƙuson tsohon nan ya faɗo masa a rai, ya kawar da shi da kyar.

Akwai wata ɗalibar Kyaftin, mace mai shagon magani, da ke jiran layinta a filin lokacin da abin ya faru. Jiya ta ce wa Sajan waya take dubawa, ba ta ga komai ba. Sufeto ya same ta a shagon tana jera kwalabe.

"Hajiya, mai jiran layin tashi ba ya kallon waya. Jirgin da zai hau yake kallo."

Ta ajiye kwalbar hannunta.

"Na gani," ta ce a hankali.

"Me kika gani?"

"Injin na yin shiru, hancin jirgin ya duƙa, ya miƙe sak ya nufi gonar da ke gaba. Har na ce a raina, yauwa Auta. Sai can kuma na ga ya fizge ya karkata hagu."

"Wato da farko daidai ya yi?"

"Daidai yadda aka koya mana. Ai Auta ya fi mu duka iya wannan."

"Kun saba gwadawa ne?"

Ta ce Kyaftin na da wata al'ada. Ana cikin tashi, ba zato ba tsammani, sai ya janye totur daga kujerarsa, inji ya koma yana numfashi sama-sama, ya ga abin da ɗalibi zai yi. Da ya ga ka duƙar da hanci, sai ya mayar da wuta. Kowa yana shan wannan gwaji, kowa yana tsoronsa, ban da Auta.

"Ranar, kafin su hau, muna zaune a rumfa, Auta yana tsokanarsa. Ya ce, 'Kyaftin, ai na haddace dabarar nan taka, tun kafin ka taɓa totur nake jin motsin hannunka.' Muka yi dariya gaba ɗaya. Kyaftin bai yi ba."

"Me ya sa kika ɓoye?"

"Kunya, Sufeto. Da ni aka yi dariyar."

Daga nan asibiti ya wuce, wurin likitan da ya duba gawar, shi ne kuma ya yi wa Kyaftin ɗori. Ya tambaye shi ko jiki na iya nuna wanda ke riƙe da sandar tuƙi lokacin da jirgi ya bugi ƙasa.

"Sau da yawa yana nunawa," in ji likita. "Sandar takan daki hannun da ke damƙe da ita." Ya ɗaga hoton ƙashi ya saita shi da hasken taga. "Ka ga na dattijon, babban yatsa ya goce, tsintsiyar hannu ta karye. Yaron kuwa a ƙirji da kai ya bugu. Hannuwansa ko ƙwarzane babu."

Sufeto ya fito ya tsaya a baranda. Shi da ake yabo da ƙwaƙwa, ga shi mutum ɗaya ya karanta masa labari daga kan gado, ya ɗauka ya je ya danƙara wa uban mamaci a bainar jama'a. Yaro yana kwance ba bakin kare kansa, shi kuma ya tsaya da kakinsa ya ba da shaida a kansa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da ya shige.

Ya wuce ɗakin Kyaftin. Tsohon telan ne zaune a bakin gado, ya baro zaman makokin ɗansa, yana riƙe wa Kyaftin kofi yana ba shi ruwa a baki.

"Baba, ɗan ba mu wuri."

Tsohon ya fita ya ja ƙofa, amma ba ta rufu duka ba. Sufeto ya gani, ya bar ta haka.

"Kyaftin, wa ya rufe makullin mai?"

"A buɗe yake. Je ka duba."

"Na duba. An buɗe shi ne bayan an faɗo, shi ya sa kafireto ke bushe. Hannun Auta ba ya kaiwa wurin, na gwada da kaina."

"Makanike ne bai iya aikinsa ba."

"Makaniken da ya yi min ƙarya don ya rufa maka asiri? To bar wannan. Ɗaga hannunka na dama."

Kyaftin ya dubi hannun da ke ɗaure, bai motsa ba.

"Likita ya ce hannun da ke kan sanda shi ke karyewa. Na yaron lafiya lau suke. Wa ya juya jirgin?"

Kyaftin ya mayar da idonsa kan silin.

"So na yi in nuna masa bai gama sani ba," ya ce da wata irin murya. "Ya mai da ni abin dariya a gaban ɗalibaina. Na ce yau zai ji yadda inji ke mutuwa da gaske. Muna fara gudu na rufe makullin. Na ɗauka da ya yi tari zan buɗe ya kama. Sai ya mutu murus."

"Sai Auta ya yi me?"

"Ya duƙar da hanci. Ko gezau bai yi ba. Har cewa ya yi, 'Kyaftin, gona za mu, riƙe da kyau.'" Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. "Ni na hango kunyoyin gonar, na san jirgin zai kakkarye. Da hannuna na haɗa jirgin nan, Sufeto. Kuma na san za a zo a tambayi dalili. Sai na ce masa, 'Saki, na karɓa.' Ya saki nan take, don haka na koya masa. Ni na juya."

"Makullin fa?"

"Da na farfaɗo na buɗe shi. Auta yana gabana, bai ma gama cikawa ba, ni kuwa ta makulli nake."

Sufeto ya sanar da shi an kama shi bisa zargin jawo mutuwar Auta da kuma yi wa hukuma ƙarya. Ga hannu a ɗaure, ga ƙafa a karye, babu batun ankwa, don haka Sajan ya samo keken marasa lafiya, aka ɗora shi don a mayar da shi ɗakin da ɗan sanda ke gadi.

Da aka buɗe ƙofa, tsohon na tsaye a wurin, kofin ruwan har yanzu a hannunsa. Kyaftin ya ja mayafin gado ya rufe fuskarsa. Tsohon ya matsa gefe, Sajan ya tura keken suka wuce.

Sufeto ya cire hularsa.

"Baba, na zalunce ka, na zalunci yaronka. Na faɗi abin da ban bincika ba. Ban san da wane ido zan kalle ka ba."

Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Wato ya ji maganar malaminsa?"

"Ya ji, Baba. Har ƙarshe."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya ajiye kofin a gindin bango.

"Uwarsa tun jiya ba ta fito wurin masu gaisuwa ba," ya ce. "Ta kulle kanta a ɗaki, ta ce ba za ta iya haɗa ido da mutane ba, an ce ɗanta ya kusa kashe malaminsa. In ni na faɗa mata, cewa za ta yi lallashinta nake. Daga bakinka waccan maganar ta fito, a gaban mutane. Gidan a cike yake yanzu. Zo mu je ka faɗi wannan."

Sufeto ya ce, "To, Baba."

Tsohon ya yi gaba, shi kuma ya bi bayansa da hula a hannu.