Idon Ashafa

A unguwar Harra ta Gabas, a birnin Madina, inda Hausawa da yawa ke zaune, an yi wani yaro ɗan aji biyar. Ba zan faɗi sunansa ba, don yanzu har furfura ta fito masa a gemu, kuma har gobe yana jin kunyar labarin nan.

A zamanin, talabijin ɗaya ce tak a layinsu, a gidan wani maƙwabci mai motar haya. Don haka yara ba su da abin yi bayan la'asar sai wasa a fili.

Wasansu kuwa ƙwallon gora ne. Baba Haladu ne ya koya musu, wani dattijo mutumin Damagaram da ke aiki a gonar dabino. Shi yake kawo musu rassan dabino masu lanƙwasa a gindi, su zama sanduna. Ƙwallon kuma tsumma ne a cushe cikin tsohuwar safa.

Filin ma yaran ne suka share da hannunsu. Ƙasar Harra duk baƙin dutse ce, mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Suka tsince duwatsun, suka jibge su a gefe, har suka zama katanga iya ƙugu.

Baba Haladu ba mai yawan doka ba ne. Ya ce kada sanda ta wuce gwiwa, kuma kada a ture kowa kusa da katanga. Wanda ya ji wa wani ciwo da gangan, sandarsa za ta zauna a hannun Baba har ranar da mai ciwon ya dawo fili da ƙafarsa.

Yaron namu akwai gudu, akwai ƙarfi, akwai kuma zuciya. Wanda ya fi ba shi haushi shi ne Ashafa. Ashafa ɗan siriri ne kamar tsinke, amma in ya zo ƙwace ƙwallo, sai dai ka ga sandarka tana dukan iska. Kuma in ya ƙwace sai ya yi dariya.

Wata ranar Alhamis, yara suka taru a ƙofar mai motar haya suna leƙen talabijin. Sai aka nuno waɗansu Turawa suna irin wasan nan, amma a kan ƙanƙara. Wani ƙato ya taho a guje, ya maka abokin karawarsa da bango. 'Yan kallo suka miƙe suna ihu.

Yaron ya ji abin ya shiga ransa. Ya ce a zuciyarsa, ashe haka manya suke yi.

Washegari aka raba yara gida biyu, aka fara wasa. Ashafa ya ƙwace masa ƙwallo. Ya sake ƙwacewa. Yara suka fara yi masa ihu suna cewa tsinke ya kayar da giwa.

Can ƙwallo ya gangara gindin katanga. Ashafa ya bi shi, ya sunkuya, bayansa a juye. Yaron ya taho a guje, ya sa kafaɗa, ya bangaje shi iya ƙarfinsa.

Babu wanda ya yi ihu irin na talabijin.

Ashafa yana kwance a kan duwatsu, hannunsa a fuska, jini yana bin yatsunsa. Ko kuka bai yi ba da farko, kuma wannan ya fi komai ban tsoro.

Baba Haladu ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure masa fuska. Ya aika a kira mai motar haya a kai shi mustashfa, wato asibiti. Kafin ya shiga mota, ya juyo ya miƙa wa yaron hannu. Yaron ya ba shi sandar.

Akwai wani babban yaro a cikinsu, sunansa Rabo, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa gudu. Ya matso ya dafa kafaɗar yaron.

"Ka san hukuncin ƙasar nan kuwa?" in ji Rabo. "Ido a madadin ido. In idon Ashafa ya tsiyaye, 'yan sanda za su zo su cire naka."

Wayyo, maganar nan ta shiga yaron har ƙashi.

Tun daga ranar, ko mota ya ji ta tsaya a layi, sai ya ruga bayan tankin ruwa ya laɓe. In aka buga ƙofa, ya shige ɗaki. Umma ta zuba masa shinkafa, ya juya cokali, ya tashi. Ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce ciwon kai ne.

A makaranta ma bai tsira ba. Wata safiya shugaban makaranta ya shigo ajinsu tare da wani mutum mai kakin ma'aikata. Mutumin gyaran fanka ya zo yi, bawan Allah. Amma kafin ya ajiye akwatinsa, yaron ya shige ƙarƙashin tebur, ya rufe idanunsa da hannu biyu. Ustaz, malamin ajin, ya jawo shi, ya taɓa goshinsa, ya ce ya tafi gida, zazzaɓi ne.

Bai shiga ɗaki ba. Ya hau saman soro, ya ɗauki ɗankwalin Umma daga igiyar shanya, ya ɗaure ido ɗaya. Yana so ya ga yadda duniya za ta zama. Ya miƙa hannu zai kama igiya, ya kama iska. Ya yi taku biyu, ya yi tuntuɓe da bokiti. A nan Umma ta same shi, yana zaune yana kuka.

"Kai ɗan nan, lafiya? Me kake yi da ɗankwalina?"

"Umma," ya ce, "wanne za su cire, na dama ko na hagu?"

Ta zauna kusa da shi. Ya kwashe labari duka ya faɗa mata, tun daga talabijin har maganar Rabo. Ita ta ji cewa Ashafa ya faɗi a wurin wasa, amma ba ta san ɗanta ne sanadi ba.

Sai ta kwance masa ɗankwalin. Ta tambaye shi yaushe aka naɗa Rabo alƙali. Ta ce shi yaro ne, babu ɗan sandan da zai zo, babu wanda zai taɓa idonsa. Yaron ya sauke ajiyar zuciya. Har ya fara jin yunwa.

Amma Umma ba ta gama ba.

"To, ni ma in tambaye ka. Idon Ashafa da ya ji ciwo, wanne ne? Na dama ko na hagu?"

Yaron bai sani ba.

"Ka gani?" in ji Umma. "Kwana da kwanaki kana kuka, ashe idonka kake yi wa kuka, shi da yake lafiya lau. Wanda ka ji wa ciwo yana can kwance cikin duhu, ko tambayarsa ba ka yi ba. Yalla, maza sa takalminka."

Hanyar gidan su Ashafa ba ta da nisa. Inna Hajo, mahaifiyar Ashafa, ta amsa sallamar Umma. Shi kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

Ashafa yana kwance a kan katifa. An naɗe masa idanu biyu da farin bandeji, don likita ya ce kada su motsa. Na hagu ne ya ji ciwo. Likita ya ce ba za a san ko zai gani ba sai ranar da aka kwance.

Yaron ya durƙusa. "Ashafa, ni ne. Ni na ture ka, kuma da gangan na yi. Ka yafe mini."

"Na san kai ne," in ji Ashafa. Sannan ya ce a hankali, "Tsoro nake ji. Ban san rana daga dare ba sai in na ji kiran salla."

Inna Hajo ta ce ita ba ta da abin cewa tukuna, sai an kwance bandeji. Umma ta ce gaskiyarta ce.

A ranar wani sabon tsoro ya kama yaron, wanda ya fi na farko nauyi. Wannan ba a ɓuyar masa a bayan tanki.

Kullum in an tashi daga makaranta sai ya wuce gidan su Ashafa. Ya karanta masa darasin ranar. Ya riƙe hannunsa ya zagaya da shi tsakar gida. Wata rana Ashafa ya yi magana, wata rana ya juya masa baya.

A fili kuwa, 'yan gefensu suna ta shan kashi. Suka roƙi Baba Haladu ya mayar wa yaron sandarsa. Baba ya ce gara a ci su kullum har Sallah da ya karya dokar nan.

Yaron ya je ya gaida Baba, ya gaya masa a talabijin ya ga irin bangazar nan. Baba ya ce shi ma yana tsaye a bayansu ranar.

"Ka ga hulunan kwano a kansu? Ka ga kayan da suka cusa a jikinsu? Kuma ƙaton nan, me aka yi masa daga baya?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya tuna sarai. An fitar da ƙaton, an zaunar da shi a wani ɗan akurki shi kaɗai. Ya gani da idonsa, ihun ne kawai ya ɗauke masa hankali.

Da yake ba shi da sanda, sai ya fara kwashe duwatsun katanga yana kai su nesa. Suka yayyanke masa hannu. Sauran yara suka yi ta kallonsa, daga baya suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Har Rabo, bayan Umma ta tare shi a hanya ta wanke shi tas.

Ranar kwance bandeji, yaron ya zura rigarsa a gurguje, ya bi su har ƙofar mustashfa. Ya tsaya a rana yana addu'a. Duk wanda ya fito, sai ya leƙa ko su ne.

Can sai ga Inna Hajo, ga Ashafa a gefenta, babu mai riƙe da hannunsa. Akwai tabo a saman girarsa ta hagu.

Ashafa ya tsaya a gabansa. Ya sa hannu ya rufe idonsa na dama, ya ƙare masa kallo da na hagu.

"Kai, rigarka a baibai take," in ji shi.

Yaron ya dubi rigarsa. Wallahi a baibai take. Ya fashe da kuka da dariya a haɗe. Inna Hajo ta dafa kansa, ta ce Allah ya kiyaye gaba.

Bayan Ashafa ya warke sosai, ya dawo fili da ƙafarsa. Baba Haladu ya fito da sandar, amma sai ya ba Ashafa. Ashafa kuma ya miƙa wa mai ita.

Aka fara wasa. Ashafa ya ƙwace masa ƙwallo, ya yi dariyarsa ta da. Yaron ya bi shi a guje, bai taɓa shi ba.

Yara, wasa ba ya buƙatar mugunta. Ƙwallon da aka ƙwace maka yau, gobe za ka ƙwato shi, amma ido in ya tafi ya tafi. In kuma ka cuci wani, kada ka tsaya tsoron abin da zai same ka. Ka fara zuwa ka ga halin da ka sa shi.